Jibji ba shi da dangi

A cikin kalmomin da Bahaushe yake jin nauyinsu, kaɗan ne suka kai “ƙara”. Ana iya yi ma mutum faɗa, a zage shi, har a ɗaga masa hannu, gobe a haɗu wurin suna a gaisa kamar ba a yi ba. Amma ranar da aka ce wane ya kai wane ƙara, ko gaban alƙali, ko gaban mai unguwa, ko wani ofishi na hukuma, to an shata iyakar da jikoki ma za su gada. Za a riƙa cewa gidan su wane ne suka taɓa kai kakanmu ƙara, ko da an manta abin da ya haɗa su. Wannan nauyi na kalma shi ne, a ganina, rabin dalilin da ya sa tulin shara yake girma a kusurwar unguwanninmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, kowa ya zo wucewa ya toshe hanci, ba mai cewa uffan.

Baƙon da ya shigo garuruwanmu, ko ɗan gari da ya daɗe a waje, yakan yi saurin yanke hukunci cewa mutanen nan ba su damu da tsabta ba. Wanda ya faɗi haka bai shiga gida ba. Tun kafin rana ta fito ake jin tsintsiya tana aiki bayan kowace katanga, da la'asar kuma a sake. Matar da ta bar tsakar gidanta da ɓawon gyaɗa ko kashin awaki ta ba kishiya da maƙwabta abin faɗi na mako guda. Ƙofar gida ma akan share ta, a yayyafa ruwa, don nan maigida yake shimfiɗa tabarma. Tsabtar tana nan, sai dai iyakarta inda ikon gida ya tsaya. Taku goma gaba da ƙofa an shiga ƙasar da muke kira “ta gwamnati”, kuma duk mun san abin da Bahaushe yake nufi in ya ce abu na gwamnati ne.

A da wannan ƙasa ba ta dami kowa ba, domin jibji dukiya ne. Abin da ke cikinsa toka ce, da kashin dabbobi, da ƙaiƙayi, da tsummokara, da guntayen zana da suka ruɓe, wato abin da ƙasa ta bayar kuma take karɓa. In rani ya yi nisa sai manoma su zo da jakuna da mangala su kwashe, su kai gona su jera tsibi-tsibi kafin ruwan shuka. Gidan da ke da babban jibji gida ne mai dabbobi da yawan iyali, har gardama akan yi a kan wa ke da ikon kwasar jibjin wuri kaza. Gona ce take share gari, sau ɗaya a shekara, ba tare da an biya kowa ba.

Sai gari ya yi ma gona nisa. A ɗauki Maraɗi. Bayan ambaliyar Gulbi ta shekara ta 1945 ne aka tashi tsohon gari daga fadama aka hau tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen 45,000 a cikinsa. Ta 2012 ta samu fiye da 260,000, kuma tun daga nan garin bai daina faɗaɗa ba. Gonakin tudu da ke bayan tsoffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo yau gidaje ne, mazaunansu kuwa ƴan kasuwa ne da ma'aikata da ƴan ci-rani, waɗanda ba su da gonar da za su kai ma taki. Shara ta ninka, masu bukatarta suka ragu.

Sannan leda ta shigo. Waɗanda suka girma kafin ita suna iya tuna yadda ake aiken yaro kasuwa: kwalba don mai, kwano don fura, mahauci ya naɗe nama a takardar siminti, mai ƙosai ta zuba a ganye ko a tasar da aka zo da ita. Yau kunu a leda, koko a leda, man gyaɗa na dala biyar a leda, ruwan sha ma a leda, kuma mai kanti yana ganin ya wulakanta ka in ya miƙo maka sabulu ɗaya ba cikin baƙar leda ba. Ita kuwa ba ta ruɓewa. Manomin da har yanzu yake sayen jibjin gari sai ya tsaya ya tsince, abin da ya kuɓuce masa iska ta ɗauka ta rataye bisa aduwa da magarya, ta yadda matafiyi yakan gane ya kusa gari tun bai ga gini ba. Mahauta sun san dunƙulen ledar da suke ciro wa daga tumbin tumaki da awaki. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, yau a jibji take kiwo, tana ramewa a tsaye maigida yana zargin iska ko sammu. A cikin gidaje kuma da leda ake hura wuta in itace ya jiƙe, uwa da goyonta suna shaƙar hayaƙin. Ga matattun batura, ga ƙunzugun zamani na jarirai, ga kwalaben magani. Sunan dai bai sauya ba, har yau jibji muke cewa.

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Binciken da aka yi a kan sharar gidajen Yamai ya nuna cewa, in nauyi ake magana, rabinta ko fiye rairayi ne. Dalilin a fili yake: tsakar gidajenmu ƙasa ce, tsintsiya kuwa ba ta zaɓe. Ashe jakin da ke jan amalanken shara da motar da ke ƙona mai, galibi tsakar gida suke ɗauka suna kaiwa bayan gari, gida yana zurfi shekara bayan shekara har ya zama kwarin da ruwan sama ke kwanciya. Rariya ta dala ɗari tana iya rage rabin wannan kaya. Ban taɓa ganin an koyar da haka a aji ba, alhali lissafi ne tsantsa.

Jibjin da ba bisa ƙa'ida ba yana da wuraren haihuwa sanannu. Filin da mai shi ya saya ya tafi Yamai ko Kano ya bar shi ba gini, bayan katangar makaranta, gefen maƙabarta, bakin tabki, cikin magudanar ruwa da ba ta da marfi. Duk wuraren da babu ƙofar wani tana kallonsu. Ranar farko tasa ɗaya ce ta toka, wadda ba ta cutar kowa. Wanda ya zo bayan nan ya ga an riga shi, nauyi ya sauka daga kansa. Cikin wata ɗaya wurin ya samu suna, har ana kwatance da shi: in ka kai jibji ka karya dama. Wanda ke ɗaukar tasar kuwa ba maigida ba ne, ba kuma uwargida ba, wadda sau da yawa ba ta ma fita. Yarinya ce ƴar shekara takwas, ko almajirin da za a ba dala biyar da ɗan tuwon jiya. An ce masa “je ka zubar”, ba a ce ina ba. Tasa ta yi masa nauyi, magariba ta gabato, karnuka suna bayan gari. Zai sauke a wuri mafi kusa da ba za a daka masa tsawa ba, kuma ni ban ga wani babba da zai yi dabam ba in shi aka ɗora ma tasar.

A wani gari na kudu inda na koyar shekara shida, irin wannan jibji ya jingina da katangar makarantarmu ta gabas har ya kusa kai kanta. Awaki suna hawa su diro cikin fili. In iskar hunturu ta taso, leda ta cika azuzuwan zana. In wani ya sa masa wuta da dare, hayaƙi ya kwana uku yana shiga aji, yara suna tari. Da damina kuwa ƙuda da sauro. Muka zauna taron malamai, wani abokin aiki, mutum mai kishi, ya kawo shawarar da ta yi kama da ta hankali: tunda yaranmu ƴan unguwar ne, kowa ya san mai zubarwa, a sa ƴan aji shida su rubuto sunayen gidajen, a kai ma hukuma ta ci su tara. Da aka gwada maganar a aji, aka yi tsit. Can wata yarinya, ɗaya daga cikin masu ƙoƙari, ta ɗaga hannu ta ce: “Mushe, in na rubuta, gidanmu ne na farko. Ni ce ma nake kawowa.” Ajin ya fashe da dariya, irin dariyar waɗanda aka faɗi abin da ke ransu. Kusan dukkansu su ne masu kawowa. Da safe muna koya musu darasin tsabta, da yamma iyaye su aza musu tasa, su zo su juye bayan ajin da suka koyi darasin.

Abin da shawarar take nema shi ne a mai da ɗa mai kai ƙarar uwarsa, a mai da makaranta wurin da ake tattara sunayen iyaye. A garin da har yanzu ake lallashin wasu su bar ƴaƴa mata su kai aji shida, wannan tsada ce da ba za mu iya biya ba. Ko da an ci tarar, gobe ina za su kai sharar? Babu akwatin ƙarfe a unguwar, babu amalanke mai zagayawa. Tara a kan wanda ba a nuna masa wurin zubarwa ba haraji ne kawai da aka sauya ma suna.

Wani dattijo cikin kwamitin iyayen yara ne ya warware mana. Ya ce: “Malamai, ku bar mutane. Ku kai ƙarar jibjin. Shi ba shi da dangi, ba wanda zai ƙi gaishe ku saboda shi.” Muka ɗauki maganar yadda ya faɗe ta. Ƴan aji shida suka fita da igiya da ma'auni suka auna shi kamar yadda ake auna fili a darasin lissafi: tsawo mita 22, faɗi mita 6, tudu wajen mita ɗaya da rabi. Suka buga suka samu kimanin amalanke 200, in an ƙaddara kowane amalanke yana ɗaukar mita ɗaya ta kowace fuska. Suka ƙirga taku nawa ne tsakaninsa da rijiyar unguwa, da kuma tsakaninsa da inda mata ke sayar ma yara abinci lokacin shan iska. Aka rubuta takarda shafi ɗaya, da Faransanci don ofis, da Hausa don a karanta ma waɗanda za su sa hannu. Babu sunan mai laifi ko ɗaya a ciki. Akwai inda jibjin yake, da girmansa, da shekarar da ya fara, da abin da yake yi ma yara, da abu biyu da muke roƙo: a kwashe shi kafin ruwa ya sauka, a kuma nuna ma unguwa wurin da aka yarda a kai shara. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, shugabar matan adashi ta dangwala yatsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan waɗanda suka zo da kansu suna neman a sa sunansu, cikinsu har da gidajen da kowa ya san tasarsu ta fi ta kowa girma. Takardar ta ba su hanyar cewa sun gaji ba tare da sun ce su ne ba.

Muka kai ofishin da abin ya shafa, muka roƙi a buga mana hatimi da kwanan wata a kan kwafinmu. Wannan ɗan hatimi ya fi duk wata doguwar magana amfani, domin koke na baki iska ne, mai karɓarsa yana iya cewa bai ji ba, ko an sauya masa wurin aiki. Wata biyu shiru. Muka sake kai ta biyu, muka manna kwafin ta farko a bayanta. Shugabar mata ta je wani gidan rediyo mai zaman kansa, cikin shirin da masu saurare ke faɗin damuwarsu, ta karanta awon da yara suka yi, ba ta zagi kowa ba. Ko rediyon ne, ko hatimin ne, ko kuwa dama lokacinmu ne ya zo, babbar mota ta iso ana saura kaɗan damina ta faɗi, ta yi kwana biyu tana jigila. Yara suka tsaya bisa katanga suna ƙirga sawu don su ga ko lissafinsu ya yi daidai.

Bayan mako uku aka wayi gari da tasa ɗaya ta toka a wurin.

Roƙonmu na biyu ne ba a amsa ba, kuma shi ne babba. Wuri in an share shi aka bar shi fayau, gayyata ce. Abin da ya riƙe shi a ƙarshe ba daga ofis ya fito ba. Matan adashi suka yi magana da wani mai amalanken jaki ya riƙa zagayawa sau biyu a mako, kowane gida yana ba shi dala ɗari a wata, gidan da ba shi da hali a ɗauke masa. Samarin wata fada, waɗanda dama suna neman inuwar da za su dafa shayi, aka ce su dasa benci a wurin; makaranta ta ba su dogon-yaro huɗu suka shuka suka kewaye da ƙaya. Wata mai ƙosai ta kafa murhunta. Daga ranar da wurin ya samu masu zama, ya fita daga ƙasar gwamnati ya shiga ƙasar mutane, kuma ba yarinyar da za ta juye tasa gaban yayyenta suna shan shayi. Mu malamai mun saba kallon ƴan fada a matsayin waɗanda suka kasa. A wannan aiki kam zamansu ya yi abin da motar hukuma ba ta yi ba.

Dokoki ba su ne muka rasa ba. Tun ran 2 ga Maris 1993 ƙasar Nijar take da kundin dokar tsabtar jama'a, wanda ya hana zubar da shara bisa hanyoyi da filayen kowa da kowa, a 2022 kuma aka yi wata sabuwar doka a kan lafiya da tsabtar jama'a. Ran 5 ga Nuwamba 2014 aka kafa dokar da ta haramta ƙera leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita, har da ajiye ta. Mai karatu ya leƙa kasuwar garinsu ya ga inda dokar ta kwana. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma can abin ya kama ƙasa. Mu kuwa iyakarmu da Najeriya doguwa ce, masana'antun Kano suna kusa, ba a kuma ba mai kunu abin da za ta zuba kununta ba. Kwasar shara aikin hukumar gari ne tun da aka raba mulki zuwa ƙananan hukumomi, waɗanda aka yi zaɓensu na farko a watan Yuli 2004. A 2010 aka raba manyan birane huɗu zuwa gundumomi: Yamai 5, Damagaram 5, Maraɗi 3, Tawa 2. A watan Afrilu 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun aka naɗa kantomomi. Talaka mai tasa a hannu bai bi duk waɗannan sauye-sauye ba, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, shi ya sa mai unguwa ya kasance ƙofar da ba ta sauya wuri. Amma ko wane ne ke zaune bisa kujerar, ana karɓar haraji da sunan gari, ana karɓar kuɗin rumfa a kasuwa kowace rana. Wanda ya biya yana da ikon tambaya a rubuce, kuma tambayar ba rashin kunya ba ce.

Kada a ɗauka ina cewa babu wanda ya cancanci a kira sunansa. Akwai. Mai motar yashe masai da ke fita bayan gari da dare ya buɗe bututu cikin kwarin da yara ke wanka da damina. Mai ɗakin shan magani da ke zubar da allurai da audugar jini a jibjin unguwa, inda almajirai ke tona ba takalmi. Ɗan kasuwar da kayansa suka lalace ya sa a juye buhu hamsin bakin tabki. Mai gini da ke cika magudanar ruwa da ɓaraguzai don kada ya biya kuɗin mota. Waɗannan ba rashin wuri ne ya kai su ba, riba ce suke ci da lafiyar maƙwabta, kuma sun san kunyarmu ce garkuwarsu. Abin takaici, mun fi saurin daka ma yarinya mai tasa tsawa da mu rubuta lambar motar alhaji. A nan ne ƙungiya take da amfanin da mutum ɗaya ba shi da shi. In ni kaɗai na kai ƙara, gaba ce tsakanin gidana da gidansa har abada. In takarda ta fito da sunan kwamitin iyaye, ko ƙungiyar raya al'adu, ko haɗin kan matan unguwa, da hoton da aka ɗauka da wayar hannu, da rana da sa'a, babu ƙofa ɗaya da zai je ya tsaya yana zagi.

Abin da ke jiranmu in muka ci gaba da shiru, mun riga mun ɗanɗana shi. Kwalarar da ta ɓulla a yankin Madarunfa a watan Yuli 2018 ta bazu cikin jihar Maraɗi, ta sake dawowa a 2021 ta fi tsanani a Maraɗi. Cuta ce ta ruwan da ya haɗu da bayan gida, jibji da magudanar da ta toshe kuwa su ne ke haɗa su. Ran 30 ga Agusta 2024 ruwa wajen milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin sa'a ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu. Kwana kaɗan bayan haka, ran 3 ga Satumba, tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. A shekarar sai ƙarshen Oktoba aka koma makaranta, domin azuzuwa da yawa sun cika da waɗanda gidajensu suka faɗi. Ba zan ce shara ce ta kawo wannan ba. Irin wannan ruwa ya fi ƙarfin kowace magudana. Amma magudanar da leda da rairayi suka cika ba ta jiran milimita 150. Ruwan farko ma ya ishe ta ta juya shi cikin lungu, ya kwanta gindin katangar ƙasa yana cin ta a hankali.

Duk shekara, in hadari ya fara haɗuwa, akan kira aikin gayya. Waɗanda suka ga zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce, suna tuna yadda kiɗa ke fitar da unguwa gaba ɗaya da shebur da tsintsiya, kuma har yau in an buga ganga mutane suna fitowa. Ina son gayya, na sha shiga. Sai dai na sha ganin yadda take ƙarewa: a yashe magudana tun safe, a tara baƙar laka tsibi-tsibi a bakinta, a ɗauki hoto, a watse. Motar da za ta kwashe ba ta zo ba. Awaki su baje, ruwan farko ya mai da kome inda aka ciro shi. Gayyar da ba a tsai da ranarta tare da mai mota ba, gumi ne aka ba rana. Shi ya sa takardar ƙarar jibji a watan Fabrairu ko Maris ya kamata a rubuta ta, lokacin da ofis bai cika da masu kuka ba, lokacin kuma da ƴan aji shida suka kai darasin awo.

Saura tambayar da ta fi damuna. Mai amalankenmu, in ya bar unguwa, ina yake kaiwa? Na taɓa bin sa a kan keke. Yana fita bayan gari ne zuwa wani tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini, inda sauran masu amalanke suke juyewa, har da manyan motoci. Kewaye da ramin akwai bukkoki da ɗakunan da ba a gama ba, na waɗanda fari ko tsadar haya suka koro: masu gadi, masu tallan ruwa, matan da ke daka a gidajen mutane. Iskar da ta daina kawo mana hayaƙi su take kai ma. Garuruwanmu kaɗan ne suke da wurin binne shara da aka gina don haka, mai shinge da mai tsaro, nesa da rijiyoyi, saboda haka tsabtar tsakiyar gari sau da yawa jibji ne da aka matsar zuwa ƙofar wanda ba shi da murya. Mutanen bakin ramin ba su da makaranta kusa, balle malamin da zai auna musu. Wani lokaci ko mai unguwa ba a naɗa musu ba tukuna. Takardarsu ta fi tamu wuyar rubutawa, domin wanda za a kai ma ita yana cikin masu ciyar da jibjin. Ƙungiyoyinmu na al'adu, da ke da masu iya rubutu da harshe biyu da ƴan wasan kwaikwayo da ake saurare a rediyo, su ne za su iya sa hannu a madadinsu. Daga makarantarmu zuwa ramin tafiyar rabin sa'a ce a ƙasa, igiyar awon kuma na bar ta cikin akwatin aji shida.